Don Allah a rage mana tsawon mitin a makarantun karkara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke zaman mitin a wuraren aiki, musamman mu malaman firamare na ƙauye.

Ni malami ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma na ga mitin iri-iri. A makarantar da na fara koyarwa sai a ce ƙarfe goma, ba za a zauna ba sai sha ɗaya ta gota saboda ana jiran mutum ɗaya ko biyu, a buɗe da addu'a, a karanta minit ɗin wancan zama tun daga farko har ƙarshe, sannan kowa ya tashi ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa da sunan ƙarin bayani, kafin ka ankara an kira azahar ba a tsayar da komai ba. Duk wannan lokacin yara suna aji ba kowa a kansu. Ban manta wata rana ba, muna ciki ana ta musu kan kuɗin alli na leƙa ta taga na hango 'yan aji uku sun watse, wasu suna jifan kanya, wata yarinya ta rungume jakarta ta buhu tana kuka an fasa mata leɓe. Wallahi ranar na ji kunyar kaina. Iyayen nan da ƙyar muka lallashe su suka bar yaran suka zo, da damina ma kowa ya san gona ke cinye su.

Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin acaɓa ya zama abin da ya zama, malamin da ke zuwa daga cikin gari in aka riƙe shi har la'asar to ranar ya tafka asara, ga malamai mata masu goyo da girki yana jiransu.

Inda nake yanzu hedimastanmu, Allah ya saka masa da alheri, wani salo ya kawo. Tun daren ranar zai turo batutuwa a WhatsApp, ba sa wuce uku, wanda ba shi da babbar waya a rubuta masa a allon ofis. Sai an tashi yara muke zama, a gindin darbejiya, minti ashirin ya ajiye wayarsa a kan benci kowa na ganin lokaci. Wanda ya makara ba a koma masa baya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a tashi sai an ce wane kai za ka je gidan mai unguwa kan yaran da suka daina zuwa, ranar Laraba za ka kawo bayani. Da suna da rana. Maganar mutum ɗaya, kamar wanda bai cike rajista ba, a ofis ake yinta su biyu, ba a tara mu a tozarta shi. Da farko wasu manyanmu sun ji haushi sun ce ana katse su, amma yanzu su ne ke fara zuwa.

Ai ko a addini, hadisin Ammar bin Yasir ya nuna gajarta huɗuba alamar fahimtar liman ce, to ina ga mitin ɗin alli da rajista?

Ina kira ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da su sa wannan cikin bitar da ake yi wa hedimastoci, kuma a hana mitin a lokacin darasi sai in da larura ta gaske.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.