Ku Dawo Mana Da Likitan Nan Ya Ƙarasa Maganarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na lafiya na rediyo na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun gayyato likita, bawan Allah ya baro marasa lafiya ya zo, yana tsakiyar bayanin gwajin jinin da ke tona ciwon zuciya a jikin mai suga tun kafin ya kwantar da shi, sai mai gabatarwa ya tari numfashinsa wai lokaci ya ƙure. To da me aka cike sauran lokacin? Gaishe-gaishe, da tallar mai maganin gargajiya da ke rantsuwa kwalbarsa ɗaya na raba mutum da suga har abada. Haba, Malam Edita! Ko sunan gwajin ba a bari ya maimaita ba, balle mu da ke riƙe da biro mu rubuta.

Ni na san sunan, amma sai da na sha wuya na san shi. Yayana tela ne, ya daɗe da ciwon suga, kuma ba mai wasa da magani ba ne. Kullum da asuba sai ya soki yatsa ya duba, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya bar shayi da sukari, ya koma tuwon acca. Duk asibitin da muka je maganar ɗaya ce: nawa sugan ya kai, nawa hawan jini. Ba wanda ya taɓa ce mana a leƙa zuciya. Da ya fara haki in ya hau ɗan tudun da ke zuwa masallacin unguwarmu, muka ce sanyin Jos ne. Da takalminsa ya daina shigarsa da yamma, muka ce zaman keken ɗinki ne. Har ya kai ba ya iya kwanciya sai an jera masa filo uku, yana barci kamar a zaune, matarsa na yi masa fifita cikin hunturu. Ranar da muka kwashe shi a Keke Napep, in ka danna ƙafarsa da yatsa ramin ba ya cikowa. Aka ce zuciya ta gaza, ruwa ya taru a huhu.

A bakin likitan zuciya na fara jin NT-proBNP. Ya ce sinadari ne da zuciya ke saki cikin jini idan aiki ya yi mata nauyi, kuma yakan hau tun mutum yana yawonsa lafiya lau. In lambarsa a gwajin jini ta kai 125 sai a tura mutum hoton zuciya a gani. Akwai kuma tiroponin, mai nuna ko tsokar zuciya ta fara samun rauni. Tun 2022 ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa mai suga irin wannan gwajin sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin komai. Da an yi wa Yaya, da an sa shi kan magani irin su dapagliflozin, mai sauke suga yana kuma kare zuciya, tun bai rufe shago ba. Yau yana raye, alhamdu lillahi, amma almajiransa ke riƙe da ɗinkin.

Wannan fa shi ne abin da kuka hana mutane ji. Kun hana su ji cewa suga na kashe jijiyoyi har mutum ya samu bugun zuciya bai ji ciwon ƙirji ba. Kun hana su ji cewa tsufa da ciwon ƙoda na ɗaga lambar NT-proBNP ɗin, ƙiba kuma na sauke ta, don haka ba takardar da mutum zai karanta wa kansa ba ce, sai likita. Mata nawa ke jinyar mazajensu a Gangare da Rikkos da Nasarawa, rediyo a gefen murhu, ba su da wata hanyar sanin wannan sai ku? Kuka ba su mai kwalba.

Ku dawo da likitan nan, ku ba shi awa guda cur ba talla. Ku haɗa shi da wani daga hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ya faɗa wa talaka inda ake gwajin a Jos, kuɗinsa, da ko katinsa ya ɗauke masa. Kada ku ce sai 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya. Masu haki a kan hanyar masallaci ba za su jira ba.

Sannan don Allah ku gyara sanarwar rasuwa. Sau da yawa sai mun dawo daga maƙabarta muke jin kuna kiran jama'a sallar jana'iza, ga sunan unguwa ana karanta shi a karkace.

Mai sauraronku,
daga Angwan Rogo, Jos.