A riƙa yi mana bayanin lafiya da harshenmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda ƙungiyoyin agajin lafiya na duniya ke amfani da shafukan sada zumunta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ƙungiyar likitoci ta MSF ke nuna wa duniya halin da 'yan gudun hijira ke ciki a Adre, gabashin Chadi, ta Facebook da sauran shafuka. Hotuna da bayanan ma'aikatanta sun sa mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba sun ba da gudummawa. Allah Ya saka musu da alheri.

Damuwata ita ce yawancin saƙonnin ƙungiyoyi irin wannan da Faransanci ko Turanci suke, don masu ba da kuɗi a Turai. Mu kuma da ciwon ke jikinmu fa? Lokacin da Kamaru ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Janairun 2024, jita-jita ta yi ta yawo a WhatsApp, ta saƙon murya, da harshen da uwa ke ji. Uwar da ba ta yi boko ba, da wanne za ta yarda?

Ina kira gare su da su ɗauki matasanmu su riƙa naɗa gajerun saƙonnin murya da Hausa, Fulatanci da Barbarci, a sa muryar ungozoma da limaman da jama'a suka sani, a kuma amsa tambayoyin iyaye.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Marwa, Kamaru