Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Safiyo Janar na Tarayya kan tashoshin NIGNET

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tun 2008 ofishinka ke kula da tashoshin NIGNET, wato tashoshin auna matsayi a doron ƙasa masu karɓar saƙon taurarin GPS dare da rana, irin na Zariya, Toro, Yola da Birnin Kebbi. Roƙonmu, kada a bari su yi shiru da damina.

Kowace rana tasha kan ba da matsayinta ta fuska uku: arewa, gabas da tsayi. In aka jera na shekaru, sai a fitar da miƙaƙƙen layi, wato tafiyar farantin Nubiya, babban yankin ɓawon ƙasa da Najeriya ke kansa, santimita 2 zuwa 3 a shekara wajen arewa maso gabas. A ɗora masa zagayen shekara da na wata 6, wato motsin da ke maimaituwa duk shekara da duk wata 6, a kuma sa tsalle a layin duk ranar da aka canza eriya.

Zagayen shekarar nan ne mai wuyar sha'ani. Ruwan damina nauyi gare shi, yana danne ƙasa ta nitse kamar santimita 1, nitsewar ta kai matuƙa wajen Satumba ko Oktoba, da rani ta ɗago. Ana iya gwada wannan da awon taurarin ɗan'adam na GRACE da magadansu GRACE-FO, masu bin nauyin ruwa tun 2002. Amma ginshiƙin eriyar da aka kafa sama-sama cikin laka, irin firgin Barno, tashi yake yi idan lakar ta sha ruwa ta kumbura. Eriyar kan bene ma da nata: siminti mai tsayin mita 10 yakan miƙe kusan milimita 1 idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Ga kuskuren lissafin hanyar da taurarin GPS ke bi mai dawowa duk kwana 351, wanda sai bayanai sun yi tsawo ake raba shi da na damina.

To, a Agusta ne hadari ke hana sola cika batir, tsawa kuma ta ƙona na'ura. Da an rasa bayanan watannin damina, lissafi sai ya ɗauki guntun zagaye a matsayin gudun faranti. Dama bayanan da ba su kai shekara biyu da rabi ba, ba a yarda da gudunsu.

Saboda haka, yallaɓai, a ba kowace tasha batirin da zai riƙe ta kwana 3 ba rana, da wayar kare tsawa. A rubuta ranar canza eriya, lambarta da tsayinta. Sabon ginshiƙi a haƙa masa har dutse, a ajiye ma'aunin ruwan sama kusa da shi. Fayilolin RINEX kuwa, wato ɗanyen bayanan da tasha ke ɗauka duk daƙiƙa 30, a sake su a intanet, jami'o'i su samu.

Mu ne naka,
Wasu ma'aikatan safiyo da masu nazarin motsin ƙasa