Wasiƙa zuwa ga 'yata a Yamai, kan maganar ƙwan ƙanwarta

Tahoua, daren Alhamis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga 'yata, wadda har yau ban iya kiran sunanta a gaban mutane saboda kunyar 'yar fari. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Mahaifinki yana gaishe ku, ya kuma san ina rubuta wannan takarda, ko da yake ban karanta masa ita ba.

Tun ranar da kika kira ni kika gaya mini abin da likita ya ce, wato ƙwan haihuwarki ya kusa ƙarewa alhali shekararki 36 kawai, barcin kirki bai ɗauke ni ba. Shirun da kika ji na yi a waya na tsoro ne, kada in faɗi abin da zai ƙara miki ciwo. Bayan kwana biyu ƙanwarki ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ta ja kujera ta zauna kusa da turmi, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce: "Inna, ni Allah ya ba ni huɗu, Yaya ba ta da ko ɗaya. In dai ƙwai ne ake nema, a ɗauki nawa." Na ajiye rariyar na yi kuka, domin ban taɓa ganin zumunci ya bayyana a gabana kamar ranar ba. Saboda girman wannan kyauta ne na ga ya wajaba in rubuto miki a tsanake.

Na san abin da kika sha a shekara goma sha ɗaya na aure. Ƙasarmu tana cikin ƙasashen da mata suka fi haihuwa a duniya, don haka wadda ba ta samu ba, ba ta da maɓoya. Na ga fuskarki a sunan ɗan autan ƙanwarki, lokacin da wata ta miƙa miki jaririn ta ce "har yanzu shiru?", kika yi murmushi, kika gyara masa hula, sannan kika shige ɗakina kika rufe ƙofa. Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa, na kuma ji kalmar juya a bakin matan da ya kamata su fi kowa tausayi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Mace da ƙwanta ake haifarta, yana raguwa tun daga yarinta, kuma akwai waɗanda nasu yake ƙarewa kafin su kai arba'in ba tare da sun yi wani abu ba. Kada ki saurari mai cewa wani magani ne da kika sha, ko asiri, ko baki.

Ina so ki san aikin tun daga tushe. Dashen da likitocinmu ke kira FIV, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a sa a mahaifa, ya fara ne da yarinyar da aka haifa a Ingila a 1978, Louise Brown, daga ƙwan uwarta da maniyyin ubanta. Bayan 'yan shekaru, a Ostareliya, aka fara samun haihuwa da ƙwan wata mace dabam. Idan ƙanwarki ce za ta bayar, za a yi mata allurai kullum na kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, sannan a sa ta barci a zuƙo su da allura ana kallo a na'urar hoton ciki. A ɗakin gwaji za a haɗa su da maniyyin maigidanki, a jira kwana uku zuwa biyar, kafin a sa ɗan tayin a mahaifarki, wadda aka riga aka shirya da magunguna. Bayan kamar mako biyu a gwada jini. Sau da yawa ba ya kamawa a karon farko, sai an sake, da sabon kuɗi da sabon jira. Ita mai bayarwa tana iya samun kumburin ma'ajiyar ƙwai har ruwa ya taru mata a ciki, ke kuma cikin da aka samu da ƙwan wata ya fi zuwa da hawan jini, kuma idanuna sun ga abin da jijjiga ke yi wa mai ciki. Duk da haka waɗannan haɗura ne da likita nagari yake iya tsarewa, kuma da su kaɗai ne damuwata, da na ce ku yi bismilla.

Abin da ya hana ni barci shi ne nasaba. Ke za ki ɗauki cikin wata tara, ke za ki yi naƙuda, ke za ki goya, amma kama da jini da cututtukan gado, kamar sikila, daga ƙanwarki da maigidanki za su fito. Ki tsaya ki dubi wannan jimla da kyau, 'yata: ɗan da za a haifa na mijinki ne da ƙanwarki, alhali ita matar wani ce, kuma ko da ba ta da aure shari'a ba ta yarda ya haɗa ku biyu ba. 'Ya'yanta huɗu za su zama 'yan uwansa na jini, su tashi suna ɗaukarsa ɗan yayar uwarsu, wanda a al'adarmu ana iya ba shi ɗiyar ƙanwarki aure. Ranar da wani dattijo zai ce a ƙulla zumunci tsakaninsu, wa zai tashi ya hana, kuma da wane dalili?

Malamai ba su yi wa wannan mas'ala riƙon sakainar kashi ba. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa dashe ya halatta idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan, amma shigowar mutum na uku haramun ne. Majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Makka a 1984 ta fara yarda a dasa wa mace ɗan tayin kishiyarta ta ɗauki cikin, sai a 1985 ta janye saboda tsoron cakuɗewar nasaba, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan hanin a zamanta na Amman a 1986. Shi ya sa Tunisiya, inda mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani, take yin dashe amma dokarta ta 2001 ta hana karɓar ƙwan wata. Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu wani ra'ayi: a ƙarshen shekarun 1990 jagoran Iran, Ayatullah Khamenei, ya halatta da sharuɗɗa, kuma ana yi a can da Lebanon. Akwai kuma masu kafa hujja da ayar Suratul Mujadala da ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su. Na yi ta juya ayar nan a raina, domin zuciyata tana son ta zama mafita gare ki. Amma mu Malikawa ne, a kan wannan muka tashi, kuma ba na so ki ɗauki fatawar da ba ki taɓa bi a salla ko azumi ba don kawai yau ta dace da buƙata.

Kin ce mini ba wanda zai sani. Ke za ki sani, maigidanki zai sani, ƙanwarki za ta sani duk ranar da yaron ya yi dariya irin tata, kuma mijinta yana da haƙƙin a gaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da gwajin jini yake nuna asalin mutum. Ko a Turai sun gane nauyin abin: Ingila tun 2005, Faransa da dokar 2021, sun ba wanda aka haifa ta wannan hanya damar sanin wadda ta ba da ƙwan idan ya kai shekara 18. Don haka shawarata ita ce kada ki karɓa, daga ƙanwarki ko daga wadda ba ki sani ba. Na faɗa ina sane da cewa ni mai 'ya'ya ce ke gaya wa marar ɗa ta haƙura, kuma wannan yana yi mini nauyi.

Ban ce ki naɗe hannu ba. Ki nemi likita na biyu ya sake gwajin jinin da ke nuna ragowar ƙwai, ya sake hoton, ya faɗa miki ƙarara ko akwai sauran abin da za a gwada dashe da naki, tun da wannan halal ne kuma lokaci ba ya jira. Wasu ƙalilan masu irin lalurarki sukan samu ciki da kansu. Maigidanki ma a sake duba shi, domin a cikin ma'auratan da suka rasa haihuwa ana samun matsala ta ɓangaren namiji a kusan rabi. Idan kuɗi ne, gonar da na gada a Adar tana nan, na riga na yi wa mahaifinki maganar sayar da ita. Ki kuma tambayi likitan maganin da zai kare miki ƙashi da zuciya, saboda ɗaukewar al'ada da wuri tana raunana su.

Sannan akwai ƙofar da iyayenmu suka sani tun kafin likita. Ni kaina goggona ce ta riƙe ni, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ni na wanke ta ranar da ta rasu, a ɗakin da ta yaye ni. Nana A'isha ba ta haihu ba, ana yi mata alkunya da sunan ɗan yayarta, Abdullahi ɗan Zubairu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce 'yar uwar uwa tana matsayin uwa. Na tambayi ƙanwarki ko za ta iya ba ki ɗa a fili, da sunan ubansa, maimakon ƙwai a ɓoye, ta ce za ta yi magana da mijinta. Likitoci suna iya taimaka wa macen da ba ta haihu ba ta samu ruwan nono, kuma idan kika shayar da yaro kafin ya cika shekara biyu ya zama ɗanki na shayarwa. Gado ba ya bin riƙo, amma kina iya yi masa kyauta da ranki, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Ku je wurin malamin da kuka amince da shi, ke da maigidanki tare, ya warware muku dalla-dalla.

Maganar ƙarin aure da dangin mijinki suke yi, kada ki bari ta tura ki yanke hukunci cikin tsoro. Za mu yi ta baki da baki. Zan hau motar Asabar ta asuba, in Allah ya yarda in iso Yamai kafin magariba. Ki tara mini duk takardun gwajin in gani da idona, ki kuma kira ƙanwarki ki yi mata godiya, domin tun ranar tana jiran muryarki.

Allah ya yi miki albarka, ya sanyaya idonki.

Mahaifiyarki.