A Koya Wa Masu Waya Gyara Shafukan Intanet Da Kansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in jawo hankali kan wata wahala da muke sha a wayoyinmu, wadda kuma tana da magani a hannunmu.

Kwanakin baya na zauna da ɗiyar yayana a nan Jega muna ƙoƙarin cike mata takardar neman gurbin karatu ta waya. Shafin an gina shi ne domin faffaɗan allon kwamfuta, saboda haka rubutun ya fito ƙanana kamar ƙwayar gero, maɓallin aikawa ya ɓuya a gefe, ko mun ware yatsu domin ƙara girma sai ya ƙi motsi. Ƙarshenta sai da ta hau kabu-kabu zuwa shagon kwamfuta, ta biya kuɗin aikin da wayarta za ta iya yi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yarinyar ba ta rasa ilimi ba, ba ta kuma rasa data ba.

Haƙƙin gyaran yana wuyan masu shafukan. Tun 2010 wani masanin tsara shafukan intanet, Ethan Marcotte, ya bayyana tsarin gina shafin da ke daidaita kansa da kowane allo, kuma a 2015 Google ya fara fifita irin waɗannan shafuka ga masu bincike ta waya. To amma jiran masu shafukan ya yi tsawo, alhali shi kansa mai waya yana iya sauya yadda shafi ke bayyana a allonsa ba tare da ya taɓa asalin shafin ba. A cikin saitin Chrome akwai wurin da ake tilasta wa shafi ya yarda a ƙara masa girma, kuma ana iya ɗora shi a fuskar waya ya riƙa buɗewa da taɓawa ɗaya. Firefox, wanda shi ma manhajar buɗe shafuka ce kamar Chrome, yana da yanayin karatu wanda ke share tarkace ya bar rubutu zalla, sannan tun Disamba 2023 ya buɗe wa masu Android ƙofar ƙananan manhajojin ƙari. Ta irinsu, kamar Tampermonkey, ɗalibi guda zai iya rubuta 'yan layuka da za su faɗaɗa maɓalli ko su jera akwatunan cikewa a tsaye, ya raba wa jama'a kowa ya amfana.

Sai dai akwai haɗarin da ya wajaba a faɗa. Abin da ke iya sauya shafi yana iya karanta duk abin da aka rubuta a cikinsa, har da lambar sirri, BVN da NIN. Don haka ban yarda manomin shinkafa a Argungu ya ɗauko irin wannan daga saƙon WhatsApp na wanda bai sani ba.

Shi ya sa nake kira ga malaman kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, su sa ɗalibansu su rubuta waɗannan gyare-gyare a matsayin aikin makaranta, malamai su tantance su, a wallafa su wuri guda da bayani cikin Hausa. Ita kuma NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ina roƙon ta matsa wa masu shafukan gwamnati su daina toshe ƙara girman rubutu. Ku ma, ya Edita, da za ku ware ɗan fili kowane mako kuna koyar da saiti ɗaya tare da hotuna, ni ne zan fara yankewa in kai wa ɗiyar yayana.

Naku mai karatu,
daga Jega, Jihar Kebbi