Wasiƙa zuwa ga Babangida kan maganar dashen ɓargo

Taura, Jihar Jigawa

Babangida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hauwa da yara. Yaya jikin abokina Sadiƙu? Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifiyarka ta ce kana neman mai sayen shanun huɗa, wai za ka sayo wani garin magani da ake kira sitem sel, wanda ake zubawa a ƙarƙashin harshe, kuma mai tallan ya rantse maka wata uku sikila ta tafi. Ka dakata da cinikin nan har ka karanta takardata.

Sitem sel gaskiya ne, kuma da shi ake warkar da sikila, sai dai ba a leda ake sayar da shi ba. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, iyayen sauran ƙwayoyi. Na jini suna zaune cikin ɓargo, su suke haifar da jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwaya mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jinin Sadiƙu kullum yake ƙasa. Irin waɗannan ƙwayoyi in an busar da su sun zama gari, ai sun mutu, in garin ya shiga ciki kuma ya narke kamar tuwo. Da yawan irin wannan garin ma daga tuffa da inabi ake haɗa shi. Ina ruwan tuffa da ɓargon mutum? Ko masu yin allurar ƙwayoyin gaske ba bisa ƙa'ida ba sun yi ɓarna. A 2017 aka wallafa labarin wasu mata uku a Amurka da aka tsira wa ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

Maganin gaskiya sunansa dashen ɓargo. An fara ganin ya warkar da sikila a 1984 a Amurka. A Najeriya an fara yi a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Kafin kuɗi, mai bayarwa ake nema. Akwai gwajin da ake kira HLA, daban yake da rukunin jini, daban da jinotayif. Alamomi ne a jikin ƙwayoyi da garkuwar jiki ke gane ɗan gida da baƙo da su, rabi daga uwa, rabi daga uba. Damar shaƙiƙi ya dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. 'Ya'yan amaryarka 'yan uba ne, kada ka sa rai da su sosai, shaƙiƙansa Maryam da Usman za a fara gwadawa. Mai AS zai iya bayarwa, mai SS ba zai iya ba. Ka gaya wa likita cewa auren zumunci kuka yi da Hauwa, domin a irin gidajenmu akan dace da wani cikin dangi. Ana kuma yin dashe daga uwa ko uba da rabin dacewa, amma ya fi haɗari.

Wasu za su ce ku yi ta haihuwa har a samu wanda ya dace. Yi lissafin da kanka. Ku biyu AS ne, don haka a kowane ciki damar samun jaririn da ba shi da sikila kuma ya dace da Sadiƙu 3 ce cikin 16, ta sake samun mai sikila kuwa 4 cikin 16. In Allah ya kawo rabo, akan iya ɗibar jinin cibiya da mabiyiya a ajiye, in an shirya da asibiti tun kafin naƙuda. Amma kada a wahalar da Hauwa don wannan.

A ce Maryam ta dace. Za a fara musanya wa Sadiƙu jini har jinin sikila ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, a sa masa siririn bututu a babbar jijiyar ƙirji. Sai wajen mako guda ko kwana goma ana ba shi magunguna masu ƙarfi irin na ciwon daji, kamar busulfan, su kashe ɓargonsa. Sharar gona ke nan kafin shuka, kuma sharar ta fi shukar wuya: gashi ya zube, baki ya yi miki har haɗiyar yawu ta gagara. Ita Maryam za a sa ta barci a ɗakin tiyata, a zuƙo ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugunta. Ba a wuce mililita 20 a kowane kilo na nauyinta. In kilo 25 gare ta, iyakarsa mililita 500, ledar fiyawata ɗaya. Ƙugun zai yi mata tsami na 'yan kwanaki, ɓargon ya koma yadda yake cikin makonni. Shi kuwa ba a yanka shi, ta bututun nan ake ɗura masa kamar ƙarin jini, ƙwayoyin su nemi hanyar ƙashi da kansu.

Daga nan sai mako biyu zuwa huɗu kafin irin ya tsiro. A tsakanin nan ba shi da garkuwa ko kaɗan, zazzaɓi na kaiwa 38 a ma'auni sai a ɗaura masa magani nan take, ko da tsakar dare ne.

Wani lokaci jiki yakan ƙi dashen, sikila ta dawo. Wannan ya fi samun yaron da aka sha yi wa ƙarin jini, domin jikinsa ya riga ya koyi faɗa da jinin wasu, saboda haka ka rubuta ranar kowace leda da aka taɓa ƙara masa. Wani lokaci kuma baƙon ne ke juyowa kan mai gida, sabon ɓargo ya ɗauki jikin yaron a matsayin abokin gaba, sai ƙuraje da gudawa da shawara. Don hana haka ake shan cyclosporine watanni da yawa. Yanke shi don kuɗi sun ƙare yana iya kai yaro kabari, don haka kuɗin magani na shekara guda yana cikin lissafi tun farko. Sannan busulfan yakan hana haihuwa. Ka tambayi likita wannan gaba da gaba, kada kunya ta hana ka.

A manyan asibitocin Turai da Amurka, cikin yara 100 da aka yi wa dashe daga shaƙiƙi wajen 95 suna rayuwa, wajen 90 su rabu da sikila. Waɗancan biyar ɗin ma 'ya'yan wasu ne. Ya fi kyau a ƙuruciya, kafin cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda.

Kwana 100 na farko kusa da asibiti za ku zauna. Ko bayan nan, garinmu da kaka ba wurinsa ba ne: ƙurar sussuka, rumar rumbu, kashin kaji da na tattabaru duk suna ɗauke da abin da zai kama masa huhu. Ruwan rijiya sai an tafasa, nonon talla da kwaɗon da ya wuni a kwano a ɗauke masa. 'Yan dubiya su yi haƙuri su gaishe ku daga zaure, musamman in ƙyanda ko ƙarambau na yawo. Allurar rigakafi kuma daga farko za a sake masa.

Ga wata amana. Bayan dashe, gwajin jininsa zai nuna jinotayif ɗin Maryam, AA ko AS, amma abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai canza ba, kowane ɗa sai ya karɓi S daga gare shi. Ranar da ya tashi aure, takardar gwaji za ta rufe gaskiya. Wajibi ne a faɗa wa iyayen yarinya, a kuma nemi mai AA.

Na san za ka tambayi halacci. Gardamar da kake ji ta taso ne tun 1998, da aka fara ciro irin waɗannan ƙwayoyi daga tayin 'yan kwanaki biyar, wanda cirewar ke lalata shi. Ta ɗan lafa bayan Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006 da 2007 yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 2003, ta halatta ɗiba daga baligi da izininsa, daga yaro da izinin iyaye in babu cutarwa, da kuma daga cibiya da mabiyiya, ta haramta zubar da ciki da gangan don a samu ƙwayoyin. Na Sadiƙu ba ruwansa da tayi. Inda nauyin yake shi ne Maryam, yarinya 'yar shekara goma da za a sa barci a soke ta ba don ciwonta ba. A yi mata bayani da harshen da za ta gane. Kada kowa ya ce mata ran ƙaninta na hannunta, domin in abin bai yi ba ita za ta girma da wannan maganar.

Akwai kuma sabuwar hanyar gyara ƙwayoyin mai ciwon da kansa, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023. Dala miliyan 2.2 ce, kuma ita ma sai an sha busulfan.

Abin yi yanzu: kai shi sashen masu sikila a Asibitin Malam Aminu Kano. Ka nemi gwajin TCD, wanda ke auna gudun jini a jijiyoyin kai. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ka tambayi hydroxyurea, ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo kullum, tare da auna jini a kai a kai, kuma binciken da aka yi a nan Kano ya nuna yana kare irin waɗannan yara. Kada ka saya a kemis ka ƙiyasta da ka. Ka tafi da Maryam da Usman, ka tambayi inda ake gwajin HLA da kuɗinsa.

Shanun su zauna, damina ta kusa. Kuɗin mota da na gwaji na ba Kawunka Idi, zai kawo maka ranar kasuwar Gujungu. Ka ce wa abokina ya warke da wuri, in ba haka ba na ƙwace masa matar tamu.

Mahaifinka.