Haƙƙin ma'aikacin lafiya na ƙin aikin da ya saɓa wa imaninsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi tsokaci kan ma'aikatan lafiya da ke ƙin wani aiki saboda addininsu.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa. Ungozoma a nan Kaduna, Musulma ko Kirista, wadda zuciyarta ba ta natsu da yi wa mace allurar tazarar haihuwa ba, bai kamata a tilasta mata ba, balle a hana ta ƙarin girma. Sai dai ta tura matar wurin abokiyar aikinta cikin mutunci, ba ta tsaya yi mata wa'azi ana kan layi ba.

Amma gaggawa daban ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta ƙin taimakon gaggawa ko da wane dalili. Macen da jini ya ɓalle mata bayan ɓari ba ta da lokacin jiran wani likita.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta rubuta waɗannan ƙa'idoji ƙarara, a manna su a kowane asibiti.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Kaduna